Jegon Cilakowa

Daminar da na gama sakandare a Kaura, sakamako bai fito ba, aka tura ni wurin Gwaggo a wani ƙauye da ke tsakanin Zurmi da Birnin Tsaba. Ciwon gwiwa ya matsa mata, 'ya'yanta mata kuma duk sun yi aure. Na hau mota ranar kasuwa da jakar tufafina da wata leda cike da littattafan soyayya, irin waɗanda ake shimfiɗawa a kan buhu a bakin tasha. Wasu na karanta su sau uku, amma ban iya barin ko ɗaya a gida ba.

Sunan mahaifiyar Gwaggo aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "uwata". Mijinta kuwa, wanda muke ce wa Baba, ya ce tunda haka ne ni surukarsa ce. In na kawo masa ruwa sai ya sunkuyar da kai ya karɓa da hannu biyu, wai kunyata yake ji.

Gonar Baba tana gindin wani dutse a bayan gari. Aikina shi ne in kai masa fura da hantsi, in yanko wa awaki ciyawa, mu dawo tare kafin la'asar ta yi sanyi, domin a shekarun nan ba mai yarda yamma ta same shi a bayan gari. A duk ƙauyen ba inda waya ke samun sabis sai a kan wannan dutsen. Saboda haka da na ajiye ƙwaryar fura sai in haye, in ɗaga waya sama, ina jiran wata ƙawata ta turo mini ci gaban wani labari da muke bi. Wani lokaci sai in yi awa guda saƙon bai shigo ba. A wannan jiran ne na fara kallon tsuntsaye.

Ban san ko sunayensu ba da farko, Baba nake tambaya. Abin da ya fara kama ni shi ne kabare, 'yan tsuntsayen nan masu ruwan ɗorawa da ke saƙa sheƙa a kan aduwa a bakin tafki. Namijin zai yini yana saƙa, in ya gama ya rataye kansa ƙasa yana kaɗa fukafukai yana kira. Macen ta zo ta leƙa, ta ja zare ɗaya da baki, ta yi tafiyarta ko waiwaye babu. Shi kuma ya warware ginin duka ya sake sabo. Ranar da na fara ganin haka sai da idona ya kawo ruwa. Na samu ragowar littafin lissafina na makaranta, na fara rubuta wace sheƙa aka karɓa, wace aka ƙi, a ina aka ƙyanƙyashe, 'ya'ya nawa suka tashi.

Shekarar ta yi wa tsuntsaye kyau. Ruwa ya sauka da wuri, fara ta yi yawa a cikin ciyawa. Shamuwoyin da ke kan tsamiyar ƙofar masallaci kowace sheƙa da kawuna biyu ko uku suna leƙowa. Akwai wata zabuwar daji da ke ratsa gefen gona da ayarin 'ya'yanta, kullum in ƙirga su, kullum in ga sun ragu, har na daina ƙirgawa don raina ya huta.

Wata Alhamis, bayan an kwana ana ruwa, na bi ta bayan dutsen neman ciyawa mai tsawo. Akwai wani tsohon marke da ya fito daga tsakanin duwatsu. Ina sunkuye da lauje sai na ji motsi a cikin itacen, kamar ana kankare ƙwarya. Na ɗaga kai. Daidai tsayin fuskata, in na taka wani dutse, akwai kogo. Amma an toshe bakinsa da laka, an shafe sumul kamar jikin rumbu, an bar 'yar tsaga a tsaye wadda yatsa ɗaya ba zai shiga da daɗi ba. A cikin tsagar, tsinin baki ne mai ja-ja yake motsi. Da na matsa sai na ga ido, yana kallona.

Laujen ya faɗi daga hannuna. Tsuntsuwa ce da ranta, an gine ta a cikin itace.

Ban tsaya neman wata fassara ba, domin ina da ita a shirye. Na sha karantawa, na kuma sha ji a bakin mata a gidan biki: a je wurin boka, ya ce a kamo abu mai rai a rufe a inda ba mai gani, muddin yana ciki, wadda aka yi don ita ba za ta ga haske ba. Nan take na ga yarinyar a zuciyata. Na ba ta dogon wuya da fararen idanu, na zaunar da ita a bakin ƙofa a Birnin Tsaba da yamma, ta yi kwalliya, wanda take jira ya bi ta wata hanya bai san abin da ya juya masa ƙafa ba. Kuma a kan reshe, can sama, ga wata cilakowa mai dogon baki tana ta kuka, da fara a bakinta. Na ce wannan mijin tsuntsuwar ne, ya gano inda aka kulle masa mata, yana satar kawo mata abinci.

Na karanta Falaƙi da Nasi, na tofa a tafin hannu na shafe jikina. Na ɗauki laujen na taka dutsen da ke gindin marken.

Lakar ta yi tauri kamar siminti. Na daɗe ina sara kafin ɓangare na farko ya ɓalle. Tsuntsuwar tana ta saran bakin laujen daga ciki tana wani irin huci, ni kuma ina cewa, "Yi haƙuri, baiwar Allah, saura kaɗan." A zatona ɗokin fita take yi. Namijin ya sauko har kusa da kaina, ya yi ƙara, ya sake tashi. Da sara na ƙarshe ya buɗe kogon, sai ya tashi gaba ɗaya, ya nufi bayan dutse da irin tashin nan nasu na a hau a gangaro, har na daina ganinsa.

Na ja baya na ba ta hanya. Ba ta fito ba.

Na leƙa. Wari mai ɗumi ya bugi fuskata. Abin da na gani bai yi kama da tsuntsuwa ba: fukafukanta babu dogon gashi ko ɗaya, bindinta guntu ne a tsaye, duk gashin yana zube a ƙarƙashinta. Na ce la'ilaha illallahu, har fige ta aka yi! Na sa hannu zan ɗauko ta, ta sare ni a bayan hannu har jini ya fito. Da ta motsa ne na ga abin da take rufewa da jikinta. 'Ya'ya uku, jajaye, tsirara, idanunsu a rufe. Ɗaya babba, ɗaya matsakaici, na ukun kuwa bai fi babban yatsana ba, kansa ma ba ya iya ɗagawa.

Ban san yadda na sauko daga dutsen ba. Na iske Baba yana noma, na tsaya a gabansa ina haki, jini na bin hannuna.

"Subhanallahi! Surukuwa, maciji na?"

"A'a, Baba. Asiri na gani. An gine tsuntsuwa cikin marke, an hige ta, har ta haihu a ciki. Na hwasa na buɗe mata amma ta ƙi hitowa."

Ya dafa ƙotar fartanya ya dube ni. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

"Mi kinka ce kin yi?"

"Na hwasa."

"Ɗakin cilakowa kinka hwasa?"

Na ce ban san ɗaki ba ne. Na fara ba shi labarin boka da yarinyar Birnin Tsaba, ya ɗaga mini hannu.

"Wane boka? Ita ta gine kanta! Shi ka kawo laka, ita ka shahewa daga ciki. Gashin ma ita ta zubar da abinta, sabo zai tsiro. Jego ta ka yi, ɗiyar nan. Kwana arba'in ko hiye tana ciki, shi ka ciyar da su ta wagga tsaga. Ke kin taɓa ganin an tai ɗakin mai jego an ɓalle ƙyaure, an ce hito ki sha iska?"

Na zauna a kan kunyar gero. Na tambaye shi abin da zai faru yanzu. Ya ce guza yana nan, maciji yana nan, hankaka ma ba ya barin irin wannan. Ita kuma ba ta iya tashi ko daga nan zuwa can. Kafin gobe ba za a samu ko ɗaya ba.

Ya juye sauran furar a cikinsa, ya miƙo mini ƙwaryar ya ce in ɗebo ƙasar suri, wato ginin gara, in haɗo da ɗanyen kashin shanu. Ya kwaɓa da ruwan gorarsa. Ya hau dutsen da na taka, tsoho da shi, ya cire hula, ya fara gini da yatsu biyu, tsuntsuwar tana saransa yana cewa, "Na ji, na ji, ba ni na yi ba, surukata ta." Ya bar tsaga daidai kaurin ɗan yatsansa. Da ya sauko ya goge hannu a ciyawa, sai ya gaya mini abin da ya fi tsorata ni.

"Ginin ba shi ne wuya ba. Maigidan na. In ya ga an taɓa mishi gida ya yi zuciya, to mun gine su da yunwa ke nan."

Muka jira daga nesa har lokacin tashi ya yi. Namijin bai dawo ba.

A gida Gwaggo ta wanke mini hannu da ruwan gishiri. Da Baba ya ba ta labari sai ta riƙe haɓa, ta dube ni, ta dubi ledar littattafaina da ke rataye a ƙusa.

"Uwata, duk karatun ga da kinka yi, ba a rubuta cilakowa ba a ciki?"

"Ƙyale ta," in ji Baba. "Ta tai ceton amarya."

"Kai kuma da ka san abin, mi ya hana ka hwaɗa mata tun farko? Kullum tana tambayarka sunan tsuntsu kana ta yi mata tatsuniya."

"To ni na san za ta ɗauki lauje ta shiga gidan mutane?"

Suka yi dariya, ni kuwa na ture kwanon tuwona gefe. Gwaggo ta lura, ta daina. Ta ce ita da ta yi jegon fari, kwana biyu mahaifiyarta ta yi zazzaɓi ba a dama mata kunun kanwa ba, har yau tana tuna yunwar. Na san don ta rarrashe ni ta faɗa, amma sai ya ƙara mini nauyi.

Washegari Juma'a, Baba ba ya noma, amma na matsa masa ya raka ni da safe. Ginin yana nan, ya fara bushewa. Namijin babu shi. Daga cikin kogon ana jin wani siririn kuka ba ƙaƙƙautawa. Na kamo fara cikin ciyawa, na soke a tsinke na miƙa ta tsagar. Ta ƙi karɓa, sai saran tsinken take yi. Baba ya ce in sauko.

"Tsayuwarki nan ita ka hana shi zowa. Yana wani wuri yana kallonki."

"In kuma ba ya nan hwa, Baba? In na bari su mutu?"

"In kinka tsaya ma su mutu. Ke za ki iya kawo hwara tun asuba har magariba, kwana talatin?"

Ban san wanne zan bi ba. In na matsa kusa, ina korar wanda zai cece su. In na yi nisa, ina zaune ina sauraron yunwarsu. Muka koma bayan wani dutse muka zauna har lokacin shirin masallaci ya yi. Ban ko tuna da waya ba.

Ranar Asabar kukan ya ragu, kuma wannan ya fi kukan tayar mini da hankali. Na saci jiki Baba yana can ƙarshen gona, na sake miƙa fara. Wannan karon ta fizge. Na ba ta bakwai, duk ta karɓa, na gudu na koma maɓoyata ina jin kamar na yi sata. Da rana ta karkata, Baba ya kira ni mu tafi. Na tashi ke nan ina kakkaɓe zane sai na ji kukan nan mai kama da fito daga saman dutse.

Namijin ne ya sauka a kan marken da ɗan ƙadangare a baki. Ya karkata kai ya dubi ginin Baba da ido ɗaya, ya juya ya duba da ɗayan. Ya tashi. Na toshe bakina da mayafi. Ya dawo, ya sake tashi. A karo na uku ya manne a jikin itacen, ya dogara da bindinsa, ya miƙa ƙadangaren ta tsagar, aka karɓe daga ciki. Na durƙushe a wurin ina kuka, Baba yana cewa in tashi, yamma na yi.

Bayan kwana biyu na lura tsagar ta ƙara matsewa, an yi mata sabon shafe daga ciki, ya fi na Baba laushi. Da na gaya wa Gwaggo sai ta dubi Baba ta ce, "Ta raina gininka ke nan. Ni ma shekara nawa ina hwaɗa maka rumbun ga ya karkace."

Daga nan kullum ina bayan dutsena ina kallo. Namijin ba ya hutawa: fara, tsutsa, 'ya'yan itace, wani lokaci ƙwaro mai ƙyalli. Wajen mako biyu bayan haka na zo na iske ginin a fashe, ɓaraguzan laka a ƙasa. Na ƙwalla ƙara har Baba ya taho da gudu da fartanya a hannu. Ya duba sama, ya nuna mini. Ga uwar a kan reshe, da sabon gashi tsaf, tana miƙe fiffike ɗaya tana karkaɗawa. Ita ta fasa da kanta, lokacinta ya yi. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne bakin kogon: wasu ƙananan bakuna ne ke ta motsi a gefensa, suna shafa kashinsu da dattin ciki, suna mayar da ginin. Ba wanda ya koya musu. Kafin kwana biyu sun rufe kansu, uwa da uba suna kawo abinci tare.

Baki biyu nake gani a tsagar. Kullum biyu. Na ce wa kaina autan yana ƙasa, tsayinsa bai kai ba, 'yan'uwansa suna miƙa masa. Har na ƙaddara a raina shi zai fi su kyau in ya fito.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da na farko ya fito. Iyayen suka zauna a kan wata bishiyar ƙirya da ke nesa kaɗan, da abinci a baki, suka ƙi kawowa, suna ta kira. Ya fasa ginin, ya fito da kai, ya mayar, ya sake fitowa, sai kawai ya faɗo cikin iska ya kama reshe da ƙyar. Bayan kwana biyu na biyun ya bi shi. Na zauna jiran na uku. Na jira ranar, na jira washegari. Iyayen ba su ƙara sauka a kan marken ba, ina jin kukansu su huɗu can wajen tafki.

A rana ta uku na hau dutsen na sa kunne. Shiru. Na zura hannu har gwiwar hannu, ina addu'ar kada in taɓo abin da nake tsoro. Na lalube ko'ina. Tsohon gashi ne kawai, da ɓawon ƙwari, da busasshen ganye. Babu gawa, babu ko ƙashi.

Na samu Baba a inuwa yana gyara ƙotar fartanya. Na ce masa autan ba ya ciki, kuma ban ga fitarsa ba, ko ya fita da sassafe kafin in zo? Ya girgiza kai.

"Bai hita ba."

"To ina ya tai? Ko ƙashi babu, Baba."

"In abinci ya yanke, uwar ba ta bari a rasa duka. Ƙaramin ta ka ba manyan."

Na ji maganar, amma sai da ya maimaita ta kafin ta shiga. Na tuna yadda ta rufe su da jikinta, ta sare ni har jini. Na tuna Asabar ɗin da kukan ya ragu. Na dafa ƙasa.

"Kwana biyun nan ne? Da maigidan bai zo ba?"

"Allah shi ya sani. Wata shekara ko ba a taɓa su ba, auta ba ya kaiwa."

"Amma bana hwara ta yi yawa. Kai ka ce bana ba tsuntsun da zai yi yunwa."

Ya ci gaba da buga ƙotar a kan dutse, bai dube ni ba. Na jira ya ce mini ba ni ba ce. Baba mutum ne mai son wasa, amma ban taɓa jin ya yi ƙarya don a ji daɗi ba, ranar ma bai yi ba.

"Biyu sun tashi," ya ce. "Tashi ki wanke hannunki, ki ɗauko ciyawar mu tai gida."